Jardan na mishan a ƙasar Damagaram: yadda yara ke koyo ta hanyar wasa da abin da ya kamata iyaye su sani

Duk shekara idan watan Oktoba ya gabato, lokacin komawa lakwal, iyaye a birnin Damagaram da garuruwan da ke kewaye da shi, irin su Takeita ta ƙaramar hukumar Garagumsa, kan tsaya shawara a kan ƙananan ƴaƴansu da ba su isa shiga CI ba. Wasu kan bar su gida, wasu su tura su makarantar allo kaɗai, wasu kuma su haɗa musu da jardan. Cikin masu zaɓen jardan akwai waɗanda ke kai ƴaƴansu na mishan, wato wanda coci ke riƙe da shi, ko da su kansu Musulmi ne.

Tambayoyi biyu ne suka fi fitowa daga bakin irin waɗannan iyaye. Ta farko, me ya sa yaro ke shafe safiya yana wasa da ƙasa da gwangwani alhali an biya masa kuɗin makaranta? Ta biyu, wane irin addini ake koya masa a ajin? Ga bayani a kan yadda irin wannan aji yake, inda tsarinsa ya samo asali, da abubuwan da ya dace ku duba kafin ku rubuta yaro.

Mene ne jardan?

Kalmar ta fito ne daga Faransanci, jardin d'enfants, ma'ana lambun yara. Ita ce makarantar share fage da yaro ke yi kafin ajin farko na firamare. Dokar da ta tsara ilimi a Nijar, mai lamba 98-12 ta ranar 1 ga watan Yunin 1998, ta sa wannan mataki cikin ilimin tushe, kuma ta tanade shi ga yara masu shekara 3 zuwa 5.

Jardan iri uku ne a ƙasar. Akwai na gwamnati, waɗanda galibi suke manne da makarantar firamare. Akwai na masu zaman kansu, ciki har da na coci-coci da na ƙungiyoyin Musulunci. Sai kuma na al'umma, waɗanda mutanen gari ke kafawa su ɗauki nauyinsu, sau da yawa da tallafin UNICEF. Bisa tsarin da aka gada daga Faransa, akan raba yara gwargwadon shekaru zuwa ƙaramin aji, na tsakiya da babban aji, amma inda ɗakuna ko malamai suka yi kaɗan akan haɗa su wuri guda.

Ba dole ba ne yaro ya bi ta jardan kafin a karɓe shi a CI. Har yanzu yara kaɗan ne ke samun shiga, kuma mafi yawansu ƴan birni ne.

Makarantun mishan a ƙasar Damagaram

Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba, kamar yadda ƙidayar 2012 ta nuna, amma sun daɗe cikin harkar makaranta da asibiti. Ƙungiyar Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM, ta fara sauka a Damagaram a 1924, lokacin da birnin ke babban birnin Nijar ta mulkin mallaka, kafin a mayar da fadar gwamnati Yamai a 1926. Daga nan ta buɗe tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan asibitin Galmi a 1950. Cocin Katolika kuwa ta fara da Yamai a 1931, daga baya ta kafu a Damagaram. Tun daga 2001 Damagaram tana ƙarƙashin bishop na Maraɗi, wanda yankinsa ya haɗa da Tawa, Agadas da Diffa.

Makarantun coci suna manyan birane ne, kuma da dama daga cikinsu na da ajin jardan haɗe da firamare. Ga mutumin Garagumsa, wadda cibiyarta Takeita ke kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, mafi kusa su ne na birnin Damagaram, tafiyar kimanin kilomita 50 gabas. Hakan na nufin zancen ya fi shafar ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki da iyalan da suka koma birni. Sai dai tsarin koyarwar, kamar yadda za a gani, yana iya aiki a kowane jardan na ƙauye.

Mafi yawan ɗaliban makarantun mishan a Nijar ƴaƴan Musulmi ne. Wannan zama tare ya gamu da jarabawa ranar 16 ga watan Janairun 2015, lokacin zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa. A Damagaram an ƙona coci-coci, makarantar Katolika da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, washegari tarzomar ta koma Yamai, kuma mutum 10 ne suka rasa rayukansu a biranen biyu. Abin da ya faru ya nuna amfanin iyaye su san ainihin abin da ake yi cikin waɗannan azuzuwa da idonsu, maimakon dogaro da ji-ta-ji-ta.

Asalin koyo ta hanyar wasa

Tarihin jardan na da alaƙa da coci tun farko. Wajen 1770, wani fasto mai suna Jean-Frédéric Oberlin, a wasu ƙauyukan duwatsu na gabashin Faransa, ya ɗauki ƴan mata suna tara ƙananan yara a ɗaki mai ɗumi yayin da iyayensu ke aiki. Suna koya musu saƙa, sunayen tsirrai, waƙa da kallon hotuna.

Wanda ya raɗa wa abin suna shi ne Bajamushe Friedrich Fröbel, ɗan wani fasto, wanda ya rayu daga 1782 zuwa 1852. Ya buɗe cibiyarsa a garin Bad Blankenburg a 1837, kuma a 1840 ya sa mata suna lambun yara da Jamusanci. A ganinsa yaro kamar tsiro yake, malami kuma mai ban ruwa. Ya ƙera kayan wasa bi da bi: ƙwallayen zare masu launi, sannan dunƙulen katako masu siffa daban-daban, sannan katako mai kusurwa huɗu da ke rarrabuwa gida takwas, yaro ya wargaza ya sake haɗawa. Ya kuma ba yara ƴan fegi su yi shuka. Gwamnatin Furusiya ta haramta irin waɗannan makarantu a 1851 bisa zargin suna yaɗa ra'ayin da bai yi mata ba, sai a 1860 aka ɗage haramcin.

A Faransa, inda Nijar ta gaji tsarin lakwal, wata mata mai suna Pauline Kergomard ce ta yi tsayin daka. Kafin ita, ana jera ɗaruruwan yara a kan benci suna maimaita abin da ba su gane ba. Daga 1881, lokacin da aka sake wa wuraren suna da tsari, ta dage cewa wasa shi ne aikin ƙaramin yaro. A Italiya kuma likita Maria Montessori ta buɗe gidan yara na farko a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907, inda ta kawo tebur da kujeru daidai tsayin yara da kayan aikin da yaro ke zaɓa da kansa.

A yau tsarin ya zama na kowa, ana bin sa a jardan na gwamnati da na Musulunci kamar yadda ake bi a na coci. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta ambaci haƙƙin wasa a sashe na 31. Tun daga 2024 ma an keɓe ranar 11 ga watan Yuni a matsayin ranar wasa ta duniya.

Me wasa ke koya wa yaro?

Malaman jardan na raba wasa kashi uku. Akwai wanda yaro ke zaɓa da kansa, malama tana kallo. Akwai wanda malama ke shiryawa da wata manufa, ta bar yara su gudanar tana jefa tambaya. Sai kuma wasa mai doka, irin su langa da ɓuya, inda akwai ci da faɗuwa. Aji mai kyau yana haɗa duka ukun a yini guda.

Rubutu aiki ne na yatsu uku da wuyan hannu, kuma yaro ɗan shekara 3 bai gama mallakar su ba. Murza yumɓu, yaga takarda, zura murafun kwalba a igiya da carafke su ne ke ƙarfafa su. Yaron da aka ɗora wa biro tun kafin hannunsa ya nuna yakan riƙe shi ba daidai ba, ya gaji da wuri, wani lokaci ya tsani rubutun gaba ɗaya.

Haka lissafi yake. Yaro na iya rera ɗaya zuwa ashirin kamar waƙa, amma in aka ce ya miƙo goruba biyar sai ya kwaso hannu guda. Gane cewa kowane abu lamba ɗaya yake ɗauka, kuma lambar ƙarshe ita ce jimla, yana zuwa ne ta taɓa abubuwa da rarraba su. Shi ya sa ake kafa ƴar kasuwa a aji. Yarinya ta kasa tumatir na yumɓu uku-uku, wani ya zo saye da kuɗin takarda, su yi ciniki, a ba da canji. A nan an yi ƙirga, an yi magana mai tsawo, an kuma koyi jiran layi.

Masanin halayyar yara ɗan Rasha Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya lura cewa a wasan kwaikwayo ne yaro ya fi iya danne son ransa. Wanda ba ya iya zama minti biyu, in aka ba shi matsayin mai gadi ko maras lafiya a asibitin wasa, sai ya daure don kada ya ɓata wasan. Wannan juriya ce zai buƙata a CI, inda malami ɗaya ke fama da yara masu yawa.

Wani bincike da aka fara a birnin Kingston na Jamaika a 1986 ya bi yara 129 da rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar. Ma'aikatan lafiya sun riƙa ziyartar wasu daga cikinsu a gida sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa uwaye yadda za su yi wasa da hira da su, da kayan wasan da aka haɗa da hannu. Bayan shekara 20, kamar yadda aka wallafa a mujallar Science a 2014, waɗanda suka samu ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kimanin kashi 25 cikin 100. Yaran sun fi ƴan jardan ƙanƙanta, kuma a gida aka yi aikin, amma darasin ya shafi jihar Damagaram, inda tamowa ke cikin manyan matsalolin yara.

Yadda yini ke tafiya a aji

Jadawali ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma ƙashin bayansa kusan ɗaya ne. Ana farawa wajen ƙarfe 8 na safe, a tashi wajen tsakar rana, kuma ba a barin aiki ɗaya ya wuce minti 15 zuwa 30, gwargwadon shekarun yara.

Da farko tarba. Malama, wadda yara kan kira tanti ko madam, tana tsaye a ƙofa tana gaisawa da kowane yaro da sunansa, tana duba ko akwai mai zazzaɓi ko ciwon ido. Yaro ya rataye jakarsa a ƙusar da ke da alamarsa, misali hoton zakara ko kifi, tunda bai iya karanta sunansa ba tukuna. Wanda ya iso da wuri sai ya shiga wasan da yake so.

Daga nan a zauna da'ira a kan tabarma. A jardan na mishan a nan ake gajeriyar addu'ar safe da waƙa. Sai kiran suna, a ƙirga waɗanda suka zo da waɗanda ba su zo ba, a faɗi ranar mako, a leƙa waje a ga ko rana ce, hazo ko hadari. Sai darasin magana, inda malama ke kawo abu ɗaya, kamar ƙwarya, zangarniyar hatsi ko hoton raƙumi, yara su taɓa, su faɗi sunansa, launinsa da amfaninsa.

Bayan haka akan fita motsa jiki tun rana ba ta yi zafi ba: tsalle cikin tsofaffin tayoyi, tafiya a kan layin da aka ja a ƙasa, rarrafe ƙarƙashin igiya, jifa da cafe ƙwallo.

Zuciyar yinin ita ce lokacin kusurwoyi. Ana raba aji zuwa wurare huɗu ko biyar: kusurwar girki da ƴar tsana, ta gini da katako da gwangwani, ta kasuwa, ta littattafan hotuna, da ta zane da yumɓu. Yara biyar zuwa takwas a kowace, suna juyawa. Malama takan zauna da rukuni ɗaya a kan aikin da ta shirya, misali ware abubuwa bisa launi ko girma, mataimakiyarta tana zagaya sauran. Baƙon da ya shigo a wannan lokaci zai ji hayaniya, amma in ya kula zai ga kowane yaro na da abin da yake yi.

Wajen ƙarfe 10 sai wanke hannu da sabulu a layi, a yi godiya ga Allah, a ci ɗan abin da aka zo da shi, wanda ake ce wa gute, kamar ƙosai, fanke, biskit ko kunu. Akan koya wa yara su ɗan gutsura wa wanda bai zo da komai ba. Sai hutu a tsakar makaranta.

Bayan hutu akan yi share fagen rubutu. Ana fara jan layi a tsaye, a kwance, a karkace da da'ira da yatsa a kan rairayi, sannan da alli a kan arduwaz, sai a babban aji a kai ga kaye da fensir. A nan ne yaro ke fara gane harufan sunansa da lambobi na farko. Yinin kan ƙare da labari ko tatsuniya, a tattara kaya, kowa ya mayar da abin da ya ɗauka, a yi waƙar sallama. Ba a sakin yaro sai ga wanda makaranta ta sani.

Inda addini ke shiga

Doka ta wajabta wa kowace makaranta mai zaman kanta samun izini daga ma'aikatar ilimi da bin tsarin karatun gwamnati. Abin da ke bambanta jardan na mishan yana wurare huɗu ne: addu'ar safe da ta cin abinci, waƙoƙi, labarai, da bukukuwa.

Labaran da aka fi ba ƙananan yara daga Littafi Mai Tsarki su ne masu dabbobi da motsi: jirgin Nuhu, Yusufu da ƴan'uwansa, jariri Musa cikin kwando a bakin kogi, Dauda makiyayi, da annabin da kifi ya haɗiye, wanda Kirista ke kira Yunana, Musulmi kuma Yunusa. Ba a karanta su kamar huɗuba. Yara kan jeru biyu-biyu suna kwaikwayon dabbobi masu shiga jirgi, wanda shi ma darasin ƙirga ne, ko a ɓoye tunkiyar yumɓu su neme ta, bisa misalin makiyayin da tunkiyarsa ta ɓata a sura ta 15 ta Linjilar Luka. A birnin Rum, Sofia Cavalletti da Gianna Gobbi sun gina tsari guda a kan wannan salo tun 1954, inda yara ƴan shekara 3 zuwa 6 ke motsa ƴan gumakan makiyayi da tumaki da hannunsu, kuma ya bazu a ƙasashe da dama.

Sunayen annabawan sanannu ne a gidan Musulmi, amma bayanin labaran ba ko'ina ya zo ɗaya ba. Babban bambancin yana kan Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa. Kirista sun yi imani Ɗan Allah ne, an gicciye shi ya tashi daga matattu. Musulmi sun yi imani manzon Allah ne kuma ba a gicciye shi ba. Wannan batu yakan fito fili a lokacin Kirsimeti, wanda a nan aka fi sani da Nowel, inda yara kan yi wasan kwaikwayon haihuwarsa, da kuma lokacin Ista.

Makarantu ba su zama ɗaya ba a nan. A na Katolika galibi akan bar koyar da aƙida ga darasin da ƴaƴan Kirista ke zuwa a coci, a aji kuma a tsaya kan tarbiyya: faɗin gaskiya, neman gafara, tausayi da girmama na gaba. A wasu na cocin bishara labaran Littafi Mai Tsarki da waƙoƙin yabo sun fi yawa a cikin mako. Uba ko uwa na da damar tambayar darakta, tun kafin biyan kuɗi, wace addu'a ake yi, da sunan wa ake rufe ta, kuma ko yaro na iya yin shiru ko a cire shi daga wasan Nowel. Makarantar da ta san abin da take yi za ta amsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Tunda ana tashi da tsakar rana, iyalai da yawa na haɗa jardan da makarantar allo ta yamma.

Hausa ko Faransanci?

Iyaye da dama na auna jardan da yawan Faransancin da yaro ke dawowa da shi. Amma haddace waƙa da gaisuwa daban yake da fahimta. Yaro yana tunani ne da harshen da ya sha a nono, kuma da shi yake iya ba da labari, ya yi tambaya, ya faɗi abin da ke damunsa. Malamar da ta ƙware takan kafa abu da Hausa, sannan ta ɗora kalmar Faransanci a kansa ta hanyar waƙa da wasa, kaɗan-kaɗan.

Damagaram na da tarihi a wannan fanni, domin a nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973. Dokar 1998 ta ba harshen uwa gurbi a farkon karatu, kuma kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ga yaran da ke jin Barbarci, Fulatanci ko Buzanci a gida, yana da kyau a samu babba a makarantar da ke jin harshensu, musamman a makonnin farko.

Kayan wasa daga abin da ke hannu

Kayan roba masu tsada ba su ne ma'aunin aji mai kyau ba. Ƙasar noma irin ta Garagumsa tana da kusan duk abin da ake buƙata. Bayan girbi akwai karan hatsi da na dawa, waɗanda yara suka daɗe suna ƙera mota da doki da su. Akwai yumɓu a bakin tabki, rairayi, goruba, ƙoƙo da ludayi, tsumma na ɗinka ƴar tsana da ƙwallo, kwali, gwangwanin tumatir da aka daddaƙe bakinsa, da murafun kwalba. Gawayi na zane, toka da jar ƙasa na ba da launi.

Haka kuma wasannin gargajiya. Langa na koyar da tsayuwa a ƙafa ɗaya da haɗin kai, gaɗa na koyar da tafi bisa ƙa'ida da haddar baiti, kacici-kacici na kaifafa tunani, tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi kuma na koya wa yaro bin labari daga farko zuwa ƙarshe. Jardan na al'umma da ya gayyaci wata tsohuwar unguwa ta riƙa yin tatsuniya sau ɗaya a mako ya samu darasin harshe ba tare da kashe ko dala ba. Abin da ba a samu a kyauta shi ne malamar da aka horar, wadda ta san dalilin kowane wasa kuma take lura da yaron da ke raɓewa gefe.

Lafiya da tsaro

Abu na farko shi ne ginin ajin. Ranar 13 ga watan Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka mutu, akasarinsu ƴan jardan. Ranar 8 ga watan Nuwamban wannan shekara aka sake yin irinta a Maraɗi, inda aƙalla yara 25 ƴan shekara 5 zuwa 6 suka rasu. Bayan haka majalisar ministoci ta haramta sa ƴan jardan a ajin zana a duk faɗin ƙasar. Hanin ya shafi kowace makaranta, ta gwamnati ce, ta coci ko ta wani attajiri.

Daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Damagaram, don haka inuwa da tsaftataccen ruwan sha wajibi ne, kuma wasan guje-guje da sassafe ya kamata a yi shi. A lokacin hunturu ƙura na kawo tari da ciwon ido. A farkon shekarar karatu kuma sauro bai gama ɗaukewa ba, zazzaɓin cizon sauro na hana yara da yawa zuwa. A ƙaramin aji a guji ƙananan abubuwa irin su wake, gyaɗa da tsakuwa, domin yara kan tura su a hanci ko kunne, ko su shaƙe su.

Abin da za ku duba kafin ku rubuta yaro

Ku je da safe ranar da ake karatu, ku nemi izinin tsayawa a ƙofar aji na ƴan mintuna.

Ku tambayi takardar izinin makarantar daga ma'aikatar ilimi.

Ku duba ginin: ba zana ba, ƙofa na buɗuwa da sauƙi, akwai iska, kuma an katange makarantar daga hanyar motoci da babura.

Ku ƙirga yara da manyan da ke tare da su. Mace ɗaya ba za ta iya gudanar da kusurwoyi da yara hamsin ba.

Ku ga ko kayan wasa na ƙasa inda hannun yara ke kaiwa, ko an kulle su a kabad don nuna wa baƙi. Zanen da ke bango na yara ne, ko na malama?

Ku saurara ko yara na magana, ko malama ce kaɗai ke yi suna amsawa. In kun ga bulala ko an sa yaro durƙuso, ku tambayi dalili.

Ku leƙa makewayi da wurin wanke hannu.

Ku tambayi batun addu'a, labarai da bukukuwa, da jimlar kuɗin shekara, har da na riga da kayan aiki, a rubuce.

Akan buƙaci takardar haihuwa da katin rigakafi wajen rubuta yaro, saboda haka wanda bai yi wa ɗansa takardar haihuwa ba ya fara da ofishin magajin gari tun kafin Oktoba. Bayan an fara zuwa kuma, maimakon tambayar yaro abin da ya rubuta, ku tambaye shi wasan da ya yi yau da wanda suka yi tare, ku bar shi ya ba da labarin har ƙarshe.